Daga Biu zuwa Limbe da mota, ta kan tsofaffin duwatsun aman wuta: wa ya san hanyar?

Sadiq_Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Ni da abokaina biyu muna so mu fita da mota a hutun ƙarshen shekara, ba fatauci ba, ba ɗaurin aure ba, ganin ƙasa kawai. Abin da ya ja ra'ayinmu shi ne jerin tsofaffin duwatsun aman wutar nan da suka faro daga Biu, suka bi ta Mambila, suka ratsa Kamaru har bakin teku. Da yawansu ramin da ke kansu ya cika da ruwa ya zama tafki, ga kurmi ya kewaye shi.

Ga tsarin da muka yi: mu tashi daga Gombe mu ga tafkin Tila a ƙasar Biu, mu gangaro Jalingo ta Numan, mu hau Mambila, mu tsallaka Banyo, daga nan Fumban, sai mu bi hanyar da ta kewaye tsaunukan Bamenda mu ga tafkin Oku da na Nyos, mu ƙare a Limbe a gindin Dutsen Kamaru. Motar Sienna ce, lafiyarta ƙalau. Shin za ta iya? Ta ina ya fi dacewa mu tsallaka iyaka? Kuma da gaske ne akwai tafkin da ya taɓa kashe mutane a can?

Direban_Serti:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, daga Jalingo zuwa Gembu, babban garin Mambila, Sienna za ta kai ku, kwalta ce, duk da ta farfashe a wurare da dama. Ku ware mata yini guda cur, ku fita da an idar da sallar asuba. Aikin yana farawa ne daga Mayo Selbe, inda za ku bar ƙasa ku kama hawan dutse. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Kafin ku fara hawa ku tsaya mota ta huce, ku duba ruwan lagireto. Amma hawan ba shi ne abin tsoro ba, saukowar ce. Wanda bai saba ba sai ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai rabin gangara birkin ya yi zafi ya daina kamawa. A sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe mota.

Daga Gembu ko Nguroje zuwa bakin iyaka kuwa, ku cire Sienna daga lissafi. Ba kwalta, ga duwatsu, ga rafukan da ake kutsawa da mota. Ba a banza ba har yau tsofaffin Land Rover ne ke jigilar masara da mutane a ƙauyukan kan dutsen.

Hajiya_Abakwa:
Ɗana Sadiq, ni a Bamenda aka haife ni, a tsohuwar unguwar Hausawa, can kakanninmu suke kwance. Don Allah ka cire wannan zagayen daga tafiyarku. Tun 2017 da rikicin 'yan aware na yankin masu Turanci na Kamaru ya koma na bindiga, hanyar Ndop zuwa Kumbo zuwa Nkambe ba ta baƙo ba ce. Ana tare motoci, ana ɗauke mutane a nemi kuɗin fansa, duk ranar Litinin kuma gari a rufe yake, ba kasuwa ba mota. Mota mai lambar Najeriya da samari uku a ciki, kowane ɓangare zai zarge ku. Mu da muke da dangi a can ma sai mun yi ta buga waya kafin mu kama hanya.

Ba don hanyar ba ta cancanci gani ba. Wallahi ta cancanta. In ka haura tudun Sabga inda Fulani suke, sai ka hango kwarin Ndop shimfiɗe a ƙarƙashinka, shinkafa kore shar iya ganinka. Ka wuce Jakiri, ka shiga Kumbo, ka haura Ndu inda ake noman ganyen shayi. Oku kuma kurmi ne a kan dutse mai tsayin mita 3,011, tafkin yana tsakiyar itatuwa, hazo na sauka a kansa da rana tsaka. A nan ake samun farar zumar nan mai daskarewa wadda ake shafa wa burodi. Duk wanda ya san wurin yana kewarsa. Amma ba yanzu ba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.

Ummu_Khalil:
Amin ya Allah, Hajiya. Ku ji maganar manya.

Bello_Ngaundare:
Hajiya ta gama magana a kan Bamenda. Ni kuma zan ƙara a kan Direban_Serti. Ko kun samu Hilux kun tsallako ta Kan Iyaka kun iso Banyo, wahalar ba ta ƙare ba. Hanyar Banyo zuwa Mayo Darle zuwa Bankim zuwa Fumban, da damina manyan motoci kan kwana a taɓo, da rani kuma jar ƙura sai ta canza muku kamanni. Shawarata ku raba tafiyar biyu. Ku hau Mambila ku sauko, ku koma Yola, ku shigo ta wajen Garwa. Daga Garwa zuwa garinmu Ngaundare wajen kilomita 280 ne, kuna ratsa gefen gandun dajin Binuwai, sannan ku hau gangaren da zai ɗora ku kan tudun Adamawa. Da kun hau za ku ji iska ta canza.

Kuma tafkunan da kuke nema muna da su. Tafkin Tizon yana bayan gari kaɗan, ramin dutsen aman wuta ne, itatuwa sun zagaye shi, ana iya kewaya shi a ƙafa. Ga Mbalang, ga na Ngaundaba, ga inda kogin Vina ke zubowa daga kan baƙin dutse, ga ruwan Tello mai zubowa daga sama, wanda mutum kan shiga kogon da ke bayan ruwan ya tsaya. Daga nan akwai kwalta ta Meiganga, Garwa-Bulai, Bertuwa har Yawunde. Zagaye ne mai nisa, amma Sienna za ta yi shi ba fargaba. Sharaɗi ɗaya: kada ku yi tafiyar dare. Zargina, wato 'yan fashin hanya, ba su ƙare ba a dazukan.

Abba_Kwari:
Shi fa wannan tafkin da Sadiq ya tambaya ko ya taɓa kashe mutane, ba wanda ya amsa. Ni abin da na taso ina ji wurin 'yan kasuwarmu masu zuwa Kamaru shi ne wani makami Turawa suka gwada a wurin, aka laƙaba wa tafki. Ta yaya ruwa zai kashe gari guda ba tare da ya yi ambaliya ba?

Malam_Jiyoloji:
Abba, tambayar tana kan hanya, bari in yi bayani. Tafkin Nyos ne, kuma abin ya faru daren Alhamis 21 ga Agusta, 1986. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, a Nyos da Cha da Subum da ƙauyukan da ke bin kwarin, wasu har nisan kilomita 25 daga tafkin.

Tafkin yana zaune ne a cikin ramin dutsen aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200. Dutsen ya daina aman wuta, amma can ƙarƙashin ƙasa har yanzu yana fitar da iskar kabon dayoksaid, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Iskar tana shiga ruwan ƙasan tafkin ta narke a ciki, nauyin ruwan da ke samansa ya danne ta. A ƙasashen da ake tsananin sanyi, ruwan saman tafki da na ƙasansa kan cakuɗa duk shekara, iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. A Nyos ruwan ba ya juyawa, sai ta yi ta taruwa shekara da shekaru. Ka ɗauki kwalbar lemo mai gas, ka girgiza ta, ka buɗe murfin farat ɗaya: abin da ya faru ke nan a daren. Wani abu ya motsa ruwan ƙasan, wasu masana suna ganin zaftarewar ƙasa ce, ruwan ya taso, iskar ta kuɓuce gaba ɗaya.

Ita kuma wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ba ta da launi. Don haka ba sama ta yi ba, gangara ta bi ta cika kwaruruka, ta kore iskar numfashi. Mutane suna barci, wasu suna hira, suka faɗi. Gidaje ba su rushe ba, itatuwa suna tsaye. Washegari ruwan tafkin da aka sani shuɗi ya koma ja, saboda sinadarin ƙarfen da ya taso daga ƙasa ya haɗu da iska ya yi tsatsa.

Abba_Kwari:
Malam na ji. Amma me ya sa sau ɗaya kawai ya faru, a wuri ɗaya? Abin nan ne ke sa mutane shakka.

Malam_Jiyoloji:
Ai ba sau ɗaya ba ne. Shekara biyu kafin nan, 15 ga Agusta, 1984, tafkin Monun da ke kusa da Fumbot ya yi irin haka, mutum 37 suka rasu, wasunsu a kan hanya suke da asuba. Hujjar da ta fi ƙarfi kuma ita ce aikin da aka yi daga baya. A 2001 aka zura dogon bututu zuwa ƙasan Nyos, aka ƙara biyu a 2011, Monun ma an sa masa a 2003. Da an fara janyo ruwan ƙasan sau ɗaya, shi da kansa yake ci gaba da feshi sama ba inji, iskar da ke cikinsa ce ke tura shi. Da makami ne, me zai sa ruwan ya ci gaba da fitar da iska bayan shekara 15? Tafkuna uku aka sani a duniya da wannan hali: waɗannan biyun, da Kivu tsakanin Ruwanda da Kwango.

Jauro_Maisamari:
Wannan magana ta taɓa ni. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Fulani makiyaya da yawa, kuma danginmu na wajen uwa suna kiwo a tsaunukan Wum a lokacin. Abin da tsofaffinmu ke faɗa ya yi daidai da bayanin Malam: rugar da ke can saman tudu ta tsira, wadda ke ƙasa kusa da rafi ta ƙare. Mutum ya wayi gari ya sauko neman ɗan'uwansa, ya tarar da shanu kwance garke guda, ba wadda ta motsa. Suka ce abin da ya fi ba su tsoro shi ne ko ƙuda babu a kan gawarwakin, ko ungulu ba ta zo ba, don su ma sun mutu. Waɗanda suka rage an kwashe su zuwa sansanoni, wasu ba su sake mallakar saniya ba har suka koma ga Allah. In wata rana hanya ta buɗe kuka je, ku yi musu addu'a kafin ku ɗauki hoto.

Ummu_Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Danjuma_Takum:
Amin. Kuma mutane ba su san abin ya shafi Najeriya kai tsaye ba. A gefe ɗaya na Nyos, abin da ya tare ruwan ba dutse mai ƙwari ba ne, tarin toka da tsakuwar aman wuta ne da ke zaizayewa. Masana sun daɗe suna gargaɗin in ya ɓalle, ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai. Wannan na cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a nan ƙasarmu, don ta tare ambaliyar, aka haɗa mata da injinan lantarki na megawat 40. Sadiq, in kuna son ganin wani yanki na labarin Nyos ba tare da kun shiga yankin rikici ba, Kashimbila tana nan. Amma ku tambayi halin hanyar Takum kafin ku taso, ita ma takan yi zafi.

Nura_Terminus:
Ni fa ban ga abin da zai kai ku wata ƙasa ba. Ku zo Filato. Tafkuna sun fi a ƙirga tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, duk na aman wuta ne, ga sanyi ga dankali.

Malam_Jiyoloji:
Nura, waɗancan na Bukuru da Barikin Ladi ba na aman wuta ba ne, kududdufan haƙar kuza ne da kamfanoni suka bari tun zamanin Turawa. Suna da zurfi, bakinsu na zaftarewa, kuma sun ci rayuka da yawa, kada kowa ya shiga wanka. Amma kana da gaskiya cewa Filato na da nata duwatsun. Ku bi hanyar Mangu zuwa Panyam, za ku ga tsaunuka masu siffa ɗaya a jere, su ne. Na Kerang yana cikinsu, a gindinsa maɓuɓɓugar da ake ɗibar ruwan SWAN take. A Ampang ta Yamma akwai tafkin Pidong, shi kam ramin aman wuta ne na gaske. Dutsen Wase kuma toshiyar maƙogwaron wani tsohon dutse ce: narkakken dutsen ya daskare a ciki, jikin ya zaizaye ya bar shi tsaye shi kaɗai a fili.

Nura_Terminus:
To ka gani, ko a hakan muna da abin nunawa. Ku fara da gida.

Alhaji_Mai_Goro:
Ni tambayata daban ce. Da wannan tsadar man, mutum ya ƙona kuɗi don ya je ya kalli ruwa a rami? Ku tara ku yi Umara mana, ko ku ja jari. Mu da muka yi shekaru muna bin hanyar Kamaru neman abinci ne ya kai mu, ba kallo ba.

Malama_Hadiza_BUK:
Alhaji, Allah Ya ƙara girma, ina ganin kowanne da wurinsa. Yaranmu sun san hoton dogayen benayen Dubai, amma ka tambaye su dutse mafi tsayi a Najeriya, da wuya ka samu mai cewa Chappal Waddi, mita 2,419, a Taraba. Ba su san Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan ba. Wanda bai taɓa ganin kurmi ba, ba zai ji zafi ba in aka ce ana sare shi. Kuma kuɗin da samarin nan za su kashe, mai masauki a Serti da mai shayi a Nguroje da ɗan jagora a Yelwa ne za su ci.

Alhaji_Mai_Goro:
Malama, ban ƙi ta taki ba. Amma dai a yi lissafi kafin a fita, kada a dawo da bashi.

Jauro_Maisamari:
Tunda Malama ta ambaci Yelwa, bari in ce wani abu a kan Mambila, don na ga ana maganarta kamar wurin wucewa ne kawai. Sadiq, kada ku yi gaggawa a nan. Da kun gama hawa, duniya ce daban: tuddai masu ciyawa suna bin juna, shanu jajaye masu dogayen ƙaho, itatuwan turare a bakin kowane gari. Tsayin wurin wajen mita 1,600 ne, wasu wuraren sun fi. Daga ƙauyen Yelwa ake taka ƙafa zuwa kurmin Ngel Nyaki. Kana tafiya a fili cikin ciyawa, sai kawai ƙasa ta karye a gabanka, kurmi ya cika gangaren, duhu, sanyi, kukan tsuntsaye da birai. Akwai biri mai ganga a ciki, ko da yake ba kowa ke dacewa da ganinsa ba, sau da yawa sai dai a nuna maka sheƙar da ya kwana a kan itace. Akwai tashar bincike a bakin kurmin, masana daga wata jami'a a New Zealand suke aiki tare da jami'o'inmu, kuma 'yan ƙauyen da ke aiki da su sun san kowace bishiya da sunanta. Ku nemi izini, ku ɗauki ɗaya daga cikinsu.

Sai Kakara, gonar ganyen shayin Highland. Ku je da sassafe lokacin da masu tsinka suka fito. A wajen Nguroje kuma ana haƙar shuɗin dutsen nan mai daraja, safaya, amma ramukan ba wurin yawon baƙo ba ne.

Direban_Serti:
Jauro ya faɗi gaskiya. Kuma ku sha mai ku cika tanki a ƙasa, a kan dutse ya fi tsada, wani lokaci sai na bumburutu. Safaya taya biyu, ba ɗaya ba.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nike, ina biye da ku. Abu guda zan tuna muku: sefar Kamaru ba ita ce tamu ba. Darajarsu guda, amma takardun daban ne, tamu ba ta karɓuwa a kasuwar Garwa. Kada wani ɗan canji ya ba ku ta Nijar ya ce duk ɗaya ne.

Bello_Ngaundare:
Haka ne Malam Issoufou. Kuma tunda an zo maganar takardu: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin CEMAC ne. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don ɗan gajeren zama, amma ku zo da fasfo a buga muku hatimi, da katin allurar shawara. Inshorar ECOWAS ba ta aiki a nan, sai kun yanki tamu, wadda ake kira kart roz. Mota kuma sai kwastan sun ba ta takardar shiga ta wucin gadi. In sunan da ke takardun motar ba na ɗayanku ba ne, ku taho da takardar izinin mai ita. Kuɗin shingen hanya sefa 500 ne, ku riƙe rasit. A shingen jandarmomi ku gaisa, ku miƙa takarda, kada ku ɗaga murya. Daga Garwa har Meiganga Fulatanci da Hausa za su fitar da ku, daga can gaba sai ɗan Faransanci.

Sani_NewBell:
Ni a Duwala nake zaune, bari in ɗauko daga inda Bello ya tsaya. Daga Yawunde ku haura Bafusam, kwalta ce, ku wuce Fumbot. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk saboda tokar aman wuta, shi ya sa tumatir da kayan miyan da ake ci a Duwala da yawa daga can suke fitowa. Dutsen Mbapit yana kusa, ana hawa a leƙa tafkin da ke cikin raminsa, bangon ramin a miƙe yake, ba a sauka. Fumban kuma gari ne na Musulmi, za ku ji kamar kuna gida. Ku shiga fadar da Sarki Njoya ya gina a 1917, shi ne wanda ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutunsu na kansu, kuma ta dalilin taimakon da Lamidon Banyo ya ba shi a yaƙi Musulunci ya kafu a fadar. An buɗe sabon gidan tarihi a gefenta a 2024, an gina shi da siffar gizo-gizo da maciji mai kai biyu, tambarin masarautar.

In kun gangaro ta Melong, Manenguba tana hannunku. A cikin babban ramin da ke samanta akwai tafkuna biyu kusa da juna, ana ce musu namiji da mace, launin ruwansu ba ɗaya ba ne, kuma akwai Fulani da ke kiwo a filin ramin. Ku hau ta ɓangaren Melong, kada ku zaga ta Bangem. Ruwan Ekom-Nkam ma yana nan kusa, yana faɗowa daga tsayin wajen mita 80 a tsakiyar kurmi.

Hajiya_Abakwa:
Sani, Limben fa? Ita ma ai yankin masu Turanci ce.

Sani_NewBell:
Haka ne Hajiya, amma ta fi sauran wuraren sauƙi, mutanen Duwala suna zuwa hutun ƙarshen mako. Su dai guji ranar Litinin, kada kuma su ce za su wuce Kumba don ganin tafkin Barombi Mbo, duk kyansa. A Limbe yashin bakin teku baƙi ne. In kun bi hanyar Idenau, a Bakingili za ku ga inda narkakken dutsen 1999 ya gangaro ya ratsa gonakin kwakwar manja ya toshe kwalta, dole aka karkatar da hanyar. Ana hawa kansa. Shi Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, ba mataccen dutse ba ne irin na Biu, ya sake yin aman a shekarar 2000. Gaba kaɗan akwai Debundsha, inda ruwan sama kan kai milimita 10,000 a shekara. Ku kwatanta da Kano da ba ta cika haura 1,000 ba.

Malama_Hadiza_BUK:
Wani abu da ba a taɓo ba shi ne lokaci. Ƙarshen Disamba hazon hunturu ya sauka. Za ku sha wahalar hawa dutse ku tarar ba a ganin komai, ciyawa ta bushe, wasu wuraren an ƙone ta. Ni a ganina ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, ƙasa kore, sama garau.

Direban_Serti:
Malama, a Kano ne ruwa ke ɗaukewa a Oktoba. A kan Mambila yakan kai Nuwamba ana yi, kuma hanyoyin ƙauye ba sa bushewa da wuri. Mai kallo yana son kore, mai tuƙi yana son busasshiyar ƙasa. In ni ne, ƙarshen Nuwamba.

Yakubu_Biu:
Kowa ya tafi Kamaru an bar mu a baya. Tila tana nan, kudu maso yamma da garin Biu, ba nisa. Tafki ne a cikin rami zagayayye, dattawan Bura suna da labarai da yawa a kan kadojin cikinsa, don haka ku fara gaida masu wurin kafin ku sauka bakin ruwa. Ta wajen Miringa kuma tsaunukan a jere suke, ƙasar duk baƙin dutse ce, da shi ake katange gonaki. Ku shigo ta Gombe da Dadin Kowa, da rana, ku koma ta inda aka ce muku lafiya. Hanyar Damboa da ta Buni Yadi ba taku ba ce.

Sadiq_Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, mun cire Bamenda da Nyos, sai Allah Ya kawo lafiya. Jauro, in mun je ko ba mu je ba, sun samu addu'armu. Yanzu ra'ayi ya rabu tsakaninmu. Ɗaya yana so mu tsaya a Biu da Mambila kawai a bana, mu ba Ngel Nyaki da Gashaka haƙƙinsu. Ɗayan yana so mu bar Sienna a Gembu, mu hau Land Rover zuwa iyaka, mu ci gaba da motocin haya har Fumban. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da shawarar Malam Bello.

Alhaji_Mai_Goro:
Na farkon nan shi ne mai hankalin cikinku.

Bello_Ngaundare:
Shawarar barin mota a Gembu ba ta da laifi ga mai ƙarfin jiki, 'yan kasuwa suna yi kullum. Sai dai ku tabbatar an buga muku hatimin shiga a iyakar, don in babu shi kowane shinge daga Banyo zuwa Fumban sai kun yi bayani. Kuma ta nan ba za ku ga Tizon ba.

Jauro_Maisamari:
Su ga Mambila da kyau tukuna, Malam Bello. Tizon ba za ta gudu ba.

Ummu_Khalil:
Ni kuma kun sa min sha'awa. In iya Gembu ne, za a iya zuwa da yara ƙanana?

Direban_Serti:
Za a iya, Hajiya, iyalai suna hawa kullum. A tanadi rigunan sanyi masu kauri da bargo, da leda a mota don kwane-kwanen hawan suna sa yara amai. Kada a ba su abinci mai maiƙo a Serti. Kuma a lissafa tafiya yadda za a gama hawa kafin la'asar, saboda hazo.

Sadiq, in kun tsaya a kan bi ta Garwa, akwai abin da ya rage. Wanda ya bi ta iyakar Belel a 'yan kwanakin nan ya faɗa mana halin da hanyar take ciki, ko kuwa gara su zaga ta Mubi da Sahuda su faɗa Gidar?